Korau a Birnin Saiwa

Korau ɗan Nomau maci amana ne. Shi ne Sarkin Dawan Gangaren Tsauni, mutumin da gari ya damƙa wa kurmi ya tsare, shi ne kuma ya kashe maɗatai arba'in da ɗaya da hannunsa, sa'an nan ya tsaya gaban jama'a ya ɗora laifin a kan sauyin yanayi da wata tsohuwa.

Gidansu gidan sassaƙe ne tun kakanni, kuma sana'ar tana da ƙa'ida. In za ka ɗebi ɓawon itace don magani, sai ka yi masa sallama, ka sassaƙi faɗin tafin hannu ta gabas, faɗin tafin hannu ta yamma, ka bar kudu da arewa, domin ta nan itacen zai ci gaba da shan ruwa. Daga nan ka kwaɓa laka da kashin shanu ka shafe ciwon. Kafin damina biyu ya warke. Korau ya san wannan tun bai iya ɗaura wando ba.

Da wani ɗan kasuwa ya fara zuwa daga birni da mota yana neman ɓawon maɗaci buhu-buhu, sai Korau ya ajiye ƙa'ida. Ya riƙa feɗe itace zagaye, daga gwiwa har inda hannunsa ya kai, ya bi da laka ya shafe tsaf. Mai wucewa in ya gani sai ya ce, "Allah ya yi wa Sarkin Dawa albarka, dubi yadda yake jinyar itatuwa." Lakar da aka gada don warkarwa, ita ya mayar mayafin ɓarna.

Itacen da aka yi wa haka ba ya mutuwa nan take, sai ya shekara yana bushewa. Ran da aka yi bikin dashen itace, baƙi suka zo daga birni da riguna masu tambari, aka miƙa wa Korau lasifika. Ya ce zafin duniya ne ya ƙone musu kurmi. Aka tafa. Daɗin tafi ya ɗebe shi, ya ƙara da cewa matan da ke shiga yin itace su ma da hannunsu a ciki. Dagaci ya ce a ƙwace gatarin duk wadda aka kama. Mutum ɗaya aka kama, Gwaggo Tabawa, ƙanwar uban Korau, wadda ba ta taɓa saran ɗanyen reshe ba. Shi da kansa ya karɓe gatarin daga hannunta a bainar jama'a, yara suna yi mata ihu. Ta dube shi ido cikin ido. Tun daga ranar ba ya iya cin tuwo in tana tsakar gida.

Bayan wata biyar 'yarsa Laure, wadda ta zo gida wankan jego, ta kwanta. Zazzaɓi ya ƙi sauka, cikinta ya ƙi riƙe ko koko. An kai ta asibiti sau biyu, an dawo da ita yadda aka kai ta. Gwaggo Tabawa ce ke jinyarta, ita ke goyon jaririn. Wata safiya ta fito daga ɗakin ta tsaya a kan Korau.

"Yarinyar nan ba za ta kai jibi a haka ba," in ji ta. "Ka samo mini sassaƙen maɗaci ɗanye, na gabas da yamma, irin wanda Yaya yake ɗebowa. Ai kurmin a hannunka yake."

Korau ya ɗauki gatarinsa ya fita. Ya san babu ɗanyen maɗaci ko ɗaya a kurmin. Ya riƙa wuce su ɗaya bayan ɗaya, a tsaye, ƙeƙasassu, kowanne da ɗamarar lakarsa. Har hantsi ya ɗaga yana tafe yana sunkuyar da kai.

Can bayan wani dutse sai ya ga maɗacin da bai taɓa gani ba, shi da ya san kurmin kamar ɗakinsa. Kaurinsa mutum goma ba za su rungume shi ba, ganyensa kore shar. Ya ruga ya ɗaga gatari.

"Ba ka yi sallama ba," in ji itacen.

Gatarin ya faɗi. Jikin itacen ya tsage biyu kamar ƙyaure, wata iska ta zuƙe Korau ciki, ƙofar ta rufe.

Ya tsinci kansa a kan wata hanya mai gangarawa ƙarƙashin ƙasa, ga haske ko'ina amma babu rana. A gabansa wani halitta ne tsaye, tsawonsa kamar giginya, gemunsa na gansakuka, idanunsa kamar ƙaro.

"Amincin Allah ya tabbata ga wanda ya bi gaskiya," in ji halittar. "Ni ne mai tsaron ƙofar Birnin Saiwa. Ya kai ɗan Adam, faɗi sunanka da buƙatarka."

"Sunana Korau, ranka ya daɗe. 'Yata ce ba lafiya. Sassaƙe nake nema, faɗin tafin hannu biyu kawai."

"Yau kuma ka tuna da awon tafin hannu? Madalla. Babu mai ba da wannan sai Magajiyar Maɗatai, kuma ba a zuwa gabanta hannu sake. Ga kayanka."

Wani buhu ya faɗo wa Korau a ka. Ya ji warin ya gane: ɓawon da ya sayar ne, dukansa, an cusa a buhu guda. Wuyansa ya nutse cikin kafaɗu.

"In ka sauke shi kafin ka isa, ka sauke ran 'yarka," in ji mai tsaron ƙofa. "Wuce."

Ya yi ta tafiya. Ya ratsa wani kwari inda gara, kowace kamar tunkiya, suke gini suna waƙa, suka bi shi suna shinshinar buhun suna cewa, "Sannu da aiki, maigidanmu, kai ne ka ciyar da mu bana." Ya wuce wani fili inda tsuntsaye dubbai suke zaune a ƙasa, kowace da sheƙarta a baki, ba inda za ta ɗora. Ba su yi kuka ba, juyowa kawai suka yi suna kallonsa har ya ɓace. Wannan kallo ya fi buhun nauyi.

Sai ga wani kogi ja wur, ɗacinsa tun daga nesa yana kama maƙogwaro. A bakinsa akwai kwalekwale, da wata tsohuwar aljana mai hannu huɗu tana riƙe da gora.

"Shigo, Sarkin Dawa," ta ce. "Jirgina ba ya karɓar kuɗin fito. Tambaya yake yi, in ka yi ƙarya ya sha ruwa."

Suka kai tsakiya. Kwalekwalen ya yi magana daga ƙarƙashin ƙafarsa: "Me ya kashe maɗatan Gangaren Tsauni?"

Bakin da ya saba ba ya jiran shawara. Korau ya ce, "To, ka san yanayi ya canza, damina ba ta..."

Jan ruwa ya bulbulo har gwiwarsa, yana cin fatarsa kamar barkono.

Tsohuwar ta ƙyalƙyale da dariya. "Ai nan ba masu tafi, ɗan nan. Yanayi ya canza, gaskiya ne, mu da ke ƙarƙashi mun riga ku sani. Amma yanayi yana da gatari? Yana kwaɓa laka?"

"Ni ne!" in ji Korau. "Ni na feɗe su. Ni na shafe da laka don kada a gani."

Ruwan ya koma, jirgin ya taso.

"Wa aka kunyata a madadinka?"

"Gwaggona. Ƙanwar ubana. Ita ta yaye ni."

Kwalekwalen ya tsaya a gaci. Tsohuwar ta ce, "Ka ga faɗar gaskiya ga aljanu ba wuya, tunda ba ka haɗuwa da mu a masallaci. Sauka."

Birnin Saiwa ba shi da sararin sama. Saiwoyi ne suka saƙu a bisa kamar rufin ɗaki, ruwa yana bin su ɗis-ɗis yana taruwa a magudanai, kowace magudana ta nufi rijiyar wani gari. Korau ya ga wadda aka ce ta Gangaren Tsauni ce. Abin da ke gudana a ciki bai fi fitsarin akuya ba.

A ƙofar fada mutane arba'in da ɗaya suna zaune a jere, maza da mata, dogaye, kyawawa, amma sun rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu. Kowane da busasshiyar laka daga gwiwa zuwa ƙirji. Wani dogari mai kan gauraka ya ajiye ƙwarya da ruwa a gaban Korau.

"Umarnin Magajiya ne," ya ce. "Ka wanke abin da ka shafa, da hannun da ka shafa shi, buhunka a ka."

Korau ya durƙusa gaban ta farko ya fara wankewa. Laka ta zube, sai ga tsoka tsirara, ba fata, zagaye. Ya kau da kai.

"A'a, duba mana," in ji matar. "Ba ka gane ni ba? Ni ce ta bakin rafi. A gindina uwarka take kwantar da kai in ta zo wanki. Shekara ɗari da sittin ina tsaye, ka gama da ni tsakanin hantsi da azahar, har kana fito."

Na biyu tsoho ne. Ya ce, "Ubanka ya ɗebi jikina sau tara, kowane zuwa da sallama. Ban taɓa jin zafinsa ba. Yana lafiya?"

"Ya rasu, Baba."

"Allah ya ji ƙansa. Gara da bai gani ba."

Haka ya bi su har arba'in da ɗaya. Wasu suka zage shi, wasu suka kau da fuska, wata ta tambaye shi ko babur ɗin da ya saya da kuɗin ɓawonsu yana gudu sosai. Kafin ya gama, hawayensa sun fi ruwan ƙwaryar yawa.

Aka shigar da shi fada. Magajiyar Maɗatai tana zaune a kan wata saiwa, rabinta mace rabinta itace, gashinta ganye, tsufanta ya wuce ƙiyasi. Manyan birni suna kewaye da ita: Ƙirya, da Tsamiya, da Gawo. Korau ya faɗi ya yi gaisuwa. Aka ce ya sauke buhun.

Ƙirya ya miƙe, baƙi, murya kamar tsawa. "Allah ya ja zamanin Magajiya. Shawarata ba ta canza ba. Mu janye saiwoyinmu daga ƙarƙashin garin nan, mu toshe magudanarsu. Mutanen da suke naɗa irin wannan su tsare mu ba su cancanci ruwa ba."

Tsamiya ta ce, "A yi adalci. An ce sun yi dashe bana, har dubu biyu."

"A shigo da dashen," in ji Magajiya.

Sai ga wasu 'yan mitsi-mitsin halittu suna shigowa da jan gindi, ƙafafunsu a ɗaure cikin baƙar leda. Ba su fi ashirin ba.

"Ina sauran?" in ji Magajiya.

Ɗaya ta amsa da 'yar siririyar murya: "Sun mutu, ranki ya daɗe. Da ledarmu aka binne mu, ba a cire ba. An ɗauki hoto, an ba mu ruwa sau ɗaya, baƙi suka shiga mota. Akuyoyi suka ƙarasa."

"Wa aka bar wa kula da ku?"

Duk suka juyo suka dubi Korau.

Ya kifa goshinsa a ƙasa. "Ranki ya daɗe, ba ni da abin cewa. Duk abin da aka faɗa na yi, har da wanda ba a faɗa ba. Amma garin bai sani ba, Laure ma ba ta sani ba. Jaririnta kwana talatin gare shi. Ki yi mini abin da kika ga dama, ki ba ta magani."

Magajiya ta dube shi. "Ya kai ɗan Nomau, a duk ƙasarku ba sauran maɗaci mai rai sai ni. Abin da kake roƙo, daga jikina za a yanke shi. Ba don kai zan bayar ba, don ubanka ne da mai jegon. Tashi ka ɗiba. Mu ga ko hannunka yana tuna abin da aka koya masa."

Aka miƙa masa gatarinsa. Ya tsaya ya ce, "Salamu alaikum." Ta amsa. Ya auna tafin hannu ta gabas ya sassaƙa, ya zaga ta yamma ya sassaƙa. Jan ruwa ya zubo, Magajiya ta runtse ido, ba ta yi ƙara ba. Ya kwaɓa laka ya shafe wuraren biyu.

"Saura sharaɗi," in ji ta. "Gaskiyar da ka faɗa a nan ba ta amfani kowa ba, domin mu mun riga mun sani. Ka je ka faɗe ta a ƙofar dagacinku, gaban waɗanda suka tafa maka, ka wanke tsohuwar da ka ɓata. Sai ka faɗa tukuna za ka ɗora tukunya. In ka yi haka, mun yafe, ruwan garinku ma mun bar shi. In ka ɗora tukunya kafin ka faɗa, maganin ba zai saki jikinsa ba sai ka faɗa ɗin, kuma daga ranar babu itacen da zai sake yi maka inuwa a bayan ƙasa. Ka ji?"

"Na ji, ranki ya daɗe. Na ɗauka."

Ƙirya ya yi tsaki. "Zai ɗora tukunya."

Iska ta ɗauke Korau ta jefar bayan dutsen nan. Babu itace, babu ƙofa, sai ɓawo biyu a hannunsa, ɗanye, yana ɗigar ja. Rana ta karkata kaɗan, azahar ta wuce.

Ya kamo hanya da niyya mai kyau, wannan ba a musu. Amma da ya hango ƙofar dagaci, ya ga dattawa zaune a gindin ɗorawa, ya ji wani ya ɗaga murya, "Sarkin Dawa, gatan kurmi! Ƙaraso mana!" sai ya ja ya tsaya. Ya ce a ransa: bari in fara ba yarinya magani, rai ya fi gaggawa, gobe da safe na zo na faɗa. Ya san ƙarya yake yi wa kansa. Faɗar ba za ta ɗauke shi minti biyar ba. Ya ɗaga musu hannu ya wuce.

A gida ya hura wuta da kansa, ya ɗora tukunya, ya jefa ɓawon. Ruwa ya tafasa, fari tas. Ya ƙara itace. Ya tafasa har ya ƙone rabi, ya ƙara wani, fari tas. Gwaggo Tabawa ta leƙa, ta ɗebo a ludayi ta ɗanɗana.

"Wannan ai ruwan zafi ne, Korau. Maɗacin da ko kusa da shi ka wuce sai ka ji a harshe? Me ka kawo mini, dutse?"

Daga ɗaki Laure ta kira, muryarta kamar daga rijiya: "Baba, ka samo?"

"Na samo, uwata."

"To, ba ni mana. Na gaji."

Gwaggo ta shiga ta fito da sauri, fuskarta ta canza. "Ƙafafunta sun fara sanyi."

Korau ya bar tukunyar a kan wuta ya fita da gudu, ba hula, ba takalmi. An idar da la'asar ke nan, ƙofar dagaci cike. Ya tsaya a tsakiya yana haki.

"Ranka ya daɗe, jama'a, ku saurare ni. Maɗatan kurmi ba zafi ne ya kashe su ba. Ni ne. Feɗe su na yi zagaye na sayar, na shafe da laka. Ku je ku kankare ku gani. Dashen da aka bar mini, ko leda ban cire ba. Gwaggo Tabawa ba ta taɓa saran ɗanye ba, ƙarya na yi mata."

Dagaci ya ce, "Korau, kana cikin hankalinka?"

"Yau ne nake cikinsa, ranka ya daɗe."

Wani dattijo ya tofar da goron bakinsa. "Mu kuwa har addu'a muka yi maka ran Juma'a."

Korau bai tsaya jin sauran ba. Ya koma gida ya tarar tukunya ta yi ja wur, ɗaci ya cika tsakar gida. Gwaggo ta riga ta tace, tana ba Laure da cokali. Labari ya riga shi isowa, domin mata sun jiyo ta kan katanga. Ya durƙusa a bakin ƙofa.

"Gwaggo, ki yafe mini."

Ba ta juyo ba. "Ai na sani tun ran da na ga lakar ta zagaye itace. Yaya bai taɓa shafa kudu da arewa ba. Na yi shiru ne don kai ɗansa ne. Matsa, kana tare mini haske."

Kafin kwana uku Laure ta tashi zaune ta karɓi ɗanta. Kafin sati ta ci tuwo. Rijiyar gari ba ta ƙafe ba. Dagaci ya tuɓe Korau, aka ba Gwaggo Tabawa da matan gari tsaron kurmi, suka tone dashen da ya rage suka cire ledar.

Ran da Korau ya fara fita, rana ta take, ya nufi gindin ɗorawar ƙofar dagaci ya raɓe a gefe. Inuwar ta tattare kamar an naɗe tabarma, ta koma ɗaya ɓangaren, ta bar shi da duk wanda ke kusa da shi a rana. Ya tashi ya bi ta, ta sake zamewa. Ya gwada tsamiyar kasuwa, ya gwada dalbejiyar masallaci, ya gwada gawon gonarsa. Duk haka. Mutane suka daina barinsa ya zauna kusa da su, ko a wurin suna, ko a wurin zaman makoki.

Korau ya yi shekara goma sha tara bayan wannan, yana noma a rana, yana hutawa a rana, fatarsa ta ƙone ta yi baƙi ƙirin. Babu itacen da ya sake yi masa inuwa har ya mutu.